Ragowa

Hawa na tara, ƙarfe goma na dare.
An kashe na'urar sanyi, Abuja ta kunna fitilunta,
ni kaɗai na rage, da shayin da ya huce.
Gobe kwamiti zai zauna kan kuɗin ruwa,
a ɗaga ko a bari,
ana jiran shafi uku daga hannuna.

Na ɗaure shekara ashirin cikin jadawali:
gangar ɗanyen mai, ajiyar kuɗin waje,
tsadar kaya wata bi wata,
da naira a gaban dala
kamar guga a rijiyar rani,
kullum sai an ƙara mata igiya.
Lissafi ya ce in dala ta yi tari a Zon Fo
sai bayan wata huɗu kasuwar Wuse ta kama mura.
Na rubuta hakan da Turanci mai guga,
ba ko lanƙwasa.

A wutsiyar kowane lissafi akwai ɗan harafi guda,
malamanmu suka ce a bar shi can,
rumbun abin da ba a gane ba.
Ragowa muke ce masa.
In ya ƙanƙance, a yaba maka.

Sai waya ta yi ƙara.
Goggo Lantana ce daga Jos,
ba ta sallama sai ta gama faɗa.
"Iliya, wai ku ne ke riƙe da dalar nan?
Dankalin nan sunansa kaɗai na Turawa ne,
a Bokkos aka haife shi,
me ya haɗa shi da kuɗin Amurka?"

Na gyara zama, na ce, Goggo, takin daga waje yake,
maganin feshi, tayar mota, har ma...
Ta ce, "Na sani. Ba karatu na kira ka ba ni ba.
Ni ban ƙara ko sisi ba a Farin Gada.
Kwandon na rage.
Na sa Davou ya saƙa mini ƙarami,
yatsa biyu a baki, yatsa biyu a gindi.
Masu saye sun gani,
na ga sun gani,
ba wanda ya ce uffan.
Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ta ce ƙarya. Ta kashe.

Na buɗe shafin Filato.
Dankali, kwando ɗaya, wata uku a jere:
layi a miƙe kamar an ja shi da zare.
Jiya na nuna wa Dakta Nanret wannan layin,
na ce ga alamar sauƙi ta fara zuwa.
Ashe yatsu huɗu ne suka ɓace,
ashe kunyar mai sayarwa da kawaicin mai saye
sun haɗu sun zauna a cikin ɗan harafina
ko motsi ba sa yi.

Wace ƙa'ida ke auna shirun layin awo?
Kashi nawa cikin ɗari ne
uwa ta ƙara ruwa a miya ta ce yau haka ake yayi?

Na ƙara layi biyu a ƙasan shafi na uku
da ƙananan baƙaƙe.
Wataƙila a goge su kafin takwas na safe.
Wataƙila wani mai tabarau ya tsaya a kansu
tsawon kurɓar ruwa.

A ƙofa Sajan Mamuda ya ɗaga mini sandar shinge,
ya leƙo ta tagar mota.
"Yallaɓai, tsakaninmu, za ta sauko?"
Na ce, muna kan bincike.
Ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ce matarsa ma haka take ce masa
in ya tambayi ina naman miya.