Akwatin Malam Haladu

Kwana arba'in da rasuwarsa
muka fasa kwaɗon akwatin ƙarfe.
Yayana ya zaci takardun gona ne.
Sai warin kafur, sai littattafan 'yan firamare
an ɗaure su da tsumman zanen Inna.

A bayan rasiɗin takin zamani ya rubuta:
Wa ya haƙa rijiyar gindin ɗinya?
Dagaci ya ce kakansa ne.
Iya Ladidi mai daddawa ta ce ƙarya,
wani Bafillace ne da saniyarsa ta ƙi tashi daga wurin.
Baba ya rubuta duka biyun,
ya ja layi a tsakani,
bai ce ga mai gaskiya ba.

Shekara talatin yana bin tsofaffi,
goro a aljihu, biro a bayan kunne,
keke ba birki, yashin Jahun har gwiwa.
Su ce, a shekarar fara.
Ya ce, wace farar?
Su ce, wadda ta biyo bayan agana.
Haka yake ɗinka shekaru
kamar baduku da guntayen fata.

Gara ta riga mu karatu.
Ta cinye dagatai uku daga jerin sarauta,
ta bar na huɗu ba uba,
ta tsallake lissafin bashin kananzir.

Nan ajami, can boko.
Ga zanen ganuwa da ƙofofinta
inda yau gero ke tsaye.
Karofi goma sha biyu, in ji shi, saura ɗaya,
shi ma an cike shi tun da akuya ta faɗa.

A gefen labarin ambaliyar da ta ci unguwar maƙera
na ga ƙaramin rubutu da fensir:
Yau Asabe ta sauka, mace. Ban je Aujara ba.
Ni ce.
Rabona ke nan a tarihin garinmu,
dalilin fasa wata tafiya.
Na daɗe ina kallonsa.

Littafin ƙarshe tambayoyi ne kawai.
A tambayi Tanko makaɗi sunan kasuwar da ta tashi.
Tanko ya riga shi tafiya.
A koma wa Ladidi kan zancen saniyar.

Yayana ya ce a bai wa mai ƙosai ta yi ƙunshi.
Na zauna a kan akwatin.

Iya Ladidi tana nan,
kunne ɗaya ya rage mata.
Gobe Laraba, zan sayi goro.