Mai Liƙa Fuskoki

Ni ne Jadi, mai bokiti da guntuwar tsintsiya,
mai dama ƙullun rogo tun kafin asalatu.
Duk fuskar da ka gani a bango,
daga Mokoyo har bakin tashar Tibiri,
tafin hannuna ne ya shafe mata kumatu.

Da Nomau Ɗan Barmu ya kwanta dama,
kujerarsa a Yamai ta wayi gari ba kowa.
Ba a naɗe tabarmin makoki ba
aka fara zagaya ta kamar tukunyar gidan suna.
Jaha guda, kujera guda,
masu son zama goma sha ɗaya.

Rabe mai kantin taya ya fara aiko mini.
Hotonsa ya fi shi haske, ya fi shi haƙora.
Dala biyar kowace takarda, in ji yaronsa,
kuma a kai ta sama, inda hannun yara ba ya kaiwa.
Hajiya Tsahara ta biya tun ban buɗe baki ba,
ta ɗora mini goro biyu, ɗaya da tsutsa.
Likita Ilu har yau bai biya ba.
Ya ce in ya ci, zai duba mini gwiwa kyauta.

Na liƙa su duka, ba ni da ɗan'uwa a ciki.
Da safe in ɗora wannan a kan wancan,
da dare wancan ya aiko a rama masa,
har bangon lakwal ya yi kauri kamar ƙanzo.

Jajayen awakin garin nan ba su da jam'iyya,
ƙullun suke bi.
Na ga wata ta miƙe a kan ƙafa biyu,
ta cinye alkawarin Rabe na gyaran bakin Gulbi,
ta bar masa hula da kunne ɗaya.

Sahiya tana tankaɗe ta ce, to kai wa za ka zaɓa?
Na ce, na san su hanci da hanci,
na san wanda aka cire wa tabon goshi,
amma ban taɓa jin numfashin ko ɗaya ba.

Ran Lahadi na bi layi, rana a ƙeya.
A bayan labule ga su sun ƙanƙance,
kowa bai wuce ƙwayar gujiya ba,
a jere, ba wanda ya hau kan wani.
Ban taɓa ganin su haka ba.
Na daɗe tsaye har na waje ya yi gyaran murya.
Na dangwala. Kada ka tambaye ni.
Tawadar ta kwana tara a farcena.

Rediyo ya faɗi wanda ya faɗa.
'Yan kabu-kabu suka kwana suna busa,
waɗanda suka sha ƙasa suka kashe wayoyinsu.
Likita ya wuce ni a mota, yana duban wani wuri.

Sai ga saƙo daga ofishin magajin gari:
a kankare bango, jika biyu.
Wanda ya liƙa shi ya san gaɓa.
Na sa wuƙa. Rabe ya fita, Tsahara ta fita,
Ilu, Rabe kuma, wani da na manta sunansa,
har na iso ƙasan tari.

Nomau ne. Na shekara biyar da suka wuce.
Rana ba ta taɓa shi ba, murmushinsa sabo.
Ƙarƙashin gemunsa an rubuta: famfo kowace unguwa.
A gefe ga shatin yatsuna huɗu, nawa,
sun bushe cikin tsohon ƙullu.

Wata yarinya ta sauke jarka daga kai tana haki,
tun daga Bagalam take ɗauke da ita.
Ta ce, Baba, wannan ma ya tsaya?
Na ce, a'a, shi ya gama.

Ya kama bango, wuƙa ta ƙi shiga.
Na sayi kwano guda a wurinta, dala biyu,
na watsa masa a fuska,
na zauna a bakin kwata ina jira ya jiƙu.