Romon Dare a Unguwar Daechi

Ƙarfe goma na dare makarantun ƙarin darasi ke amayo yara.
Ni kuwa tun takwas tukunyata ke tafasa
a lungun bayan tashar jirgin ƙasa,
kujera bakwai, da fankar da ta daina juyi tun bara.

Shekara ashirin da uku ina zuba romo a birnin Seoul.
Ko ƙofar jami'a ban taɓa takawa ba,
amma na ga masu shiga, na ga masu dawowa da kuka a aljihu,
har ina gane su daga riƙon cokali.

Pyo Harim, matso kusa da wuta.
Rufe littafin, romo ba ya son a raba masa hankali.
Ga jan biro a yatsunki, ga idonki ya faɗa.
Na ji kina cewa mai barcin awa huɗu shi ke ci,
mai awa biyar ya faɗi.
Wanda ya gaya miki, tambaye shi ina nasa ɗan ya kwana.

Bari in ba ki abin da na tsinta ina goge tebur.

An yi wani yaro, Bong Taeo, ɗan mai gyaran takalma.
Yana da ɗan littafi baƙi da ya sha hannu,
ba ya rubuta komai ciki sai inda ya kuskure.
Duk tambayar da ta kayar da shi sai ya ba ta masauki,
ya gaishe ta ran Laraba, ya koma mata ran Lahadi,
har ta gaji ta miƙa wuya.
Abokansa na jibga littattafai kamar masu gina katanga,
shi yana zaman maƙwabtaka da kurakuransa.
Tun yana ajin farko ya soma,
ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.
Yanzu gadoji yake aunawa.
Yakan kawo 'yarsa, ba ta son barkono.

An yi wata, ba zan kama suna ba.
Uwarta ta sayar da gida don su dawo unguwar nan,
ta yi kwana ɗari tana durƙuso a haikalin kan dutse.
Yarinyar ta san amsar komai.
Ranar ganawa, wani malami mai furfura ya cire tabarau,
ya ce: ke me kike so?
Ta buɗe baki,
muryar uwarta ce ta fito.

Ke kin taɓa gaya mini, bakinki cike da shinkafa,
shekara biyar kina ƙirga agwagin bakin kogin Han,
kin lura suna raguwa, abin yana hana ki sukuni.
Kika ce shirme ne, kada in faɗa.
Wannan shirmen riƙe shi gam.
Lissafi kowa ya haddace,
agwagin nan ke kaɗai kika ƙirga.

Alhamis ɗin nan ta Nuwamba tana tafe.
Ma'aikata za su makara don a bar muku hanya,
jirage za su dakata don kada su toshe muku kunne,
ɗan sanda zai goya wanda ya makara a babur.
Za a ba ki alewa mai danƙo don sunanki ya manne,
ni kuma ba zan dafa miyar ciyawar teku ba, kada ki zame.
Camfi ne, na sani.
Duk da haka ba zan dafa ba.

Kin ga wancan mai wanke kwanuka yana fito?
Ɗana ne. Sau uku ya zauna jarrabawar.
Ƙofar ba ta buɗe ba.
Ya yi shekara guda ba ya kallon idona.
Ban ce bai ji ciwo ba, ban ce na manta ba,
amma romon da kike sha haɗinsa ne,
ya fi nawa, ko da yake ban gaya masa ba.

Shanye tun da zafi.
Bas ɗin ƙarshe sha ɗaya da kwata.
Bar kuɗin, kin biya ran Litinin.
Je ki kwanta, Harim,
har awa bakwai.