Ƙugiyar da ta ɓata

Sagiru ya zo daga Dutse ran Lahadi
da wani ɗan ƙarfe a aljihu, bai kai ɗan yatsa ba.
Ya wanke cikin kwamfutar ƙungiya tas,
ya ɗura mata sabuwar manhaja,
ya sha fura, ya goge baki, ya hau babur:
"Kawu, yanzu gudu za ta riƙa yi."

Gudun kuwa ta yi.
Ta bar ni a rumfar ofis
da manoma ɗari da goma sha bakwai
masu jiran rasit ɗin taki.

Agogonta ya fara.
Ladan na kiran la'asar a Majiya,
ita ta ce hantsi bai ɗaga ba.
Jikinta na kan bencinmu,
ranta na wata ƙasa da ba a gama karin kumallo ba.
Na buɗe taswira, na nemi Taura, babu.
Ringim, babu.
Na danna Legas don dole,
sai ga ta ta yarda rana ta karkata.

Sai firinta.
Shekara huɗu suna teburi ɗaya,
igiya ɗaya ta haɗa su,
yau ta ce ba ta taɓa ganin ta ba.
Na zare, na mayar. Na hura bakin igiyar
kamar mai fifita garwashi.
Na kira Sagiru, ya ce direba ne babu.
Na ce, yaro, mota ka sa mini a ciki?
Ya yi dariya har katina ya ƙare.

Bayan shagon magani akwai wani suri,
nan kaɗai sabis ke yada zango.
Na hau da kwamfuta a cinya, waya a sama,
cinnaku na karɓar harajinsu a ƙafata.
Sittin cikin ɗari. Saba'in da takwas.
Casa'in da ɗaya,
sai data ta ce ga garinku.
Na sauko na sayar da kaza.

Amma duk wannan wasa ne.
Da na buɗe tsohon kundin sunaye
sai na tarar an yi wa haruffa aski.
Inda Ɗ ɗin Ɗanladi take
wani ɗan akwati ne fanko, kamar rumbu a bazara.
Na rubuta an ƙara wa Barau buhu biyu,
ta ce kara, na dawa ko na gero oho.
Baƙin da suka zo taro suka koma baki.
Hansatu da ta gaji ƙasa a bakin fadama
ta wayi gari ta gaji, ta kasa.
Ƙugiya guda ce tsakanin gado da gazawa,
ban sani ba sai da ta ɓata.

Kwana biyu ina laluben ta.
Lantana, 'yar aji shida,
ta kawo mini tuwo ta tsaya a bayana.
"Baba, ba ka gaya mata yarenka ba."
Ta ja linzami, jerin harsuna ya zubo
dogo kamar layin awo ranar kasuwa,
can ƙasa, tsakanin wasu biyu da ban taɓa ji ba,
ga namu a tsugune, yana jiran a kira shi.

Ƙ ta dawo da laujenta.
Ɓ ta dawo. Ɗ ta miƙe.

Har yau ba ta magana, sautin ya ƙi,
kuma idan batirin sola ya yi sanyi
sai ta manta ranar da muke.
Na bar ta. Ni ma haka nake.

Hansatu ce ta fara karɓar rasit.
Ba ta yi boko ba.
Ta juya takardar, ta ɗora yatsa a kan layin,
ta ce, "Malam Tanimu, gonar tana nan?"
Na duba ƙugiyar.
Na ce tana nan.