Huda Takwas

A garejin Baba Nalado, bayan Ƙofar Ƙaura,
aka tsayar da a-kori-kura fara mai lotsattsen ƙugu.
Kallamu ya kawo ta daga Tsagero tun da hantsi,
da ƙarafa biyu a kwali, baƙaƙe, masu nauyi,
kamar an gutsuro su daga layin dogo.

Ya ce, "Mu goma sha ɗaya muka haɗa kuɗin injin sussuka.
Tirelarsa dogon wuya gare ta,
ba a ɗaura ta a wutsiya, sai a gadon baya.
In ta tsinke a hanya, ba ni kaɗai zan yi kuka ba."

Baba bai tanka ba. Ya tofar da tukar goro, ya nemi alli.

Muka share bodi: ƙaiƙayi, kashin awaki,
da silifa ƙafa ɗaya da ba a san mai ita ba.
Ya ja tef daga baya, ya ja daga gefe,
ya sake ja, leɓensa na motsi kamar mai lazimi.
"Kan aksil kaya ke zama, Sagiru,
ka ɗan gota gaba da faɗin yatsa uku.
Ka kai shi baya, mota ta ɗaga hanci, sitiyari ya zama ado.
Ka zarce gaba, tirela ta gaisa da gilashi a kwanar farko."

Ya zana gicciye takwas.

Ni aka tura ƙasa, buhu a bayana, tocila a baki.
Can wata duniya ce: lakar bara, warin mai,
shasi shimfiɗe kamar haƙarƙarin sa.
Yana ƙwanƙwasa alama daga sama,
ina bin amon da yatsa.
Ta ɗaya lafiya. Ta biyu lafiya.
Ta shida ta sauka daidai kan bututun birki,
siririn nan mai kaurin tsinken tsire,
wanda ran Kallamu ke rataye a jikinsa.

Na daɗe a kwance.
Mutumin nan yana huda ƙarfe tun ba a yanke mini cibiya ba.
Yaushe ƙwai ya fara yi wa kaza gyara?

Na ce, "Baba, ko allin ne ya zame?"

Na ji takunsa ya tsaya a saman kaina.
"Alli ba ya zamewa.
Ni sama nake gani, kai ne ke ganin ƙasa.
Faɗi abin da ka gani."

Na faɗa.
Muka kwance maƙalin bututun, muka kawar da shi gefe,
muka sa guntun katako ya tsare shi.
Mai faci ya ara mana wuta daga janaretonsa.
Da na fito ina karkaɗe wando,
sai na ga injin huda a miƙe, mariƙinsa yana kallona.

"Ƙaramin baki tukuna, sannan babba.
Rami ba ya komawa, ka sani."

Ƙarfe ya yi ƙara, ya fitar da murɗaɗɗen gashi mai zafi.
Takwas. Ban numfasa sosai ba sai a na ƙarshe.
Muka shafa wa kowane baki fenti don tsatsa,
muka cusa waigi inda bodi ya yi kwari,
kada noti ya matse shi ya lanƙwashe.
Ƙusoshin suka ratsa har shasi,
don bodi fata ce kawai, ƙashi ke ɗaukar kaya.
Muka ɗaure su a karkace, wannan kusurwa, waccan kusurwa,
har sifana ta ƙi tafiya.

Kallamu ya hau, ya yi tsalle a kansu sau biyu,
ya yi dariya, ya soma cinikin ragi.

Da la'asar, bayan motar ta sha kwana,
Baba ya karya allin nan gida biyu.
Bai ce komai ba.
Babban ya ba ni.