Kuna Ji Na Kuwa?

Ƙarfe huɗu saura kwata na kunna kwamfuta
a ɗakina na Agege, bayan layin dogo.
Ruwa na dukan kwano,
janaretan maƙwabci na tari.
Darasin yau: yadda ɗan kasuwa zai rubuta shiga da fita
kada uwar kuɗi ta narke masa a aljihu.

Sittin da uku suka shigo.
Na ƙirga su kamar mai ƙirga awaki da magariba.
Ba fuska ko ɗaya,
baƙaƙen akwatuna ne a jere, kowanne da suna a gindinsa:
Tanimu Albasa, Maman Hansatu, Sabi'u Idi-Araba,
wani ma sunan wayarsa kawai ya bar mini.

Na yi sallama, shiru ya amsa.
Na ce, kuna ji na kuwa?
Wani ya turo hoton babban yatsa.

Na hau karatu, shafi na bin shafi,
jadawalin da na kwana uku ina yi wa kwalliya.
Ina shafi na tara na saci kallon lamba:
hamsin da ɗaya.
A na sha biyu, arba'in da huɗu.
Suna sulalewa ba ko sai an jima,
ni kuwa ina ta ɗiban ruwa da kwando.
Ban ga laifinsu ba.
Data kuɗi ce,
kuma mai saye ba ya jiran malama ta kai aya.

Sai makirfon wani ya buɗe bai sani ba.
Ketu! Ojota! Kwandasta na tsaga maƙogwaro,
ƙarƙashin ihunsa wata murya na rantsuwa:
wallahi kwandon nan ko uwar kuɗinsa ba ka taya ba.

Na rufe shafukana duka.
Na ce, kai mai kwando, wane ne?
Iro ne, malama, a yi haƙuri, ina Mil Sha Biyu.
Na ce, kada ka rufe, Iro.
Nawa ka sari tumatirin?
Nawa mota ta ci daga Kadawa?
Nawa ɗan dako, nawa ya ruɓe a hanya?
Ya faɗa, yana faɗa yana ba wata canji.
Na ce, jama'a, ga lissafi a faifai:
Iro ya ci riba ne, ko faɗuwa yake yi da murmushi?

Akwatin saƙo ya fara tafasa.
Tanimu ya ce riba.
Sabi'u ya ce a sake lale.
Can sai wata taga ta yi haske:
Maman Hansatu ce a Obalende, tana juya masa a tanda,
hayaƙi na sa ta ƙifce ido.
Ta ce, duk kun manta kuɗin 'yan tasha,
su da ba sa fashi ko ranar Lahadi.
Dariya ta ɓarke daga unguwa bakwai lokaci guda.

Na leƙa lamba. Arba'in da huɗu, ta tsaya cak.
Arba'in da shida.
Biyu sun dawo, ban san wa ya kira su ba.

Nan janaretan maƙwabci ya yi tarin ƙarshe.
Ɗaki ya yi duhu, layi ya yanke,
ni ma na koma baƙin akwati.
Minti shida ina lalube da wayata
ina cewa shi ke nan, kasuwa ta watse.

Da na dawo na tarar ana ta gardama
a kan naira ɗari takwas da Iro ke asara a kowane kwando.
Babu wanda ya lura na fita.
Na yi shiru, na jawo kofin shayina da ya huce.
Har biyar da rabi ta gota,
sannan Sabi'u ya tuna da ni, ya ce,
malama, kina ji na kuwa?