Ɗakin Saman Gareji

Shekara goma sha tara ke nan ina ba su ɗakin nan,
na saman gareji, mai taga ɗaya
da ke kallon kogin Misisipi ta gefen Iowa.
Afrilu ya kawo su, Satumba ya kwashe,
ni kuwa in wanke zannuwan gado, in jira na baɗi.

Can babban birni, a bene hawa na talatin,
akwai masu kwamfuta da kofin gahawa
da suka ce gobe suke ginawa, a ba su shekara biyar.
Suka sayar da tsofaffin gwanayen besbol ɗinsu,
suka kwaso yaran da ko gemu bai tsiro musu ba.
Gona suke kiran abin.
To, in gona ce, ni ce mai ban ruwa,
ba a dai taɓa gayyata ta ranar girbi ba.

Braulio ya iso da jaka ɗaya
da safar cafke da aka ɗinke da zaren fatsa,
daga San Pedro, inda rake ya fi mutum tsawo.
Turancinsa kalma shida, huɗu na abinci ne.
Daren farko dusar ƙanƙara ta sauka,
ya fita da silifa, ya dunƙula ta a tafi,
ya auna shingen maƙwabcina, ya saki.
Karen gidan bai yi shiru ba sai asuba.

Mil casa'in da bakwai, in ji na'urar awo.
Masu littafi suka jeru bayan raga suna rubutu,
ba mai tafi a cikinsu.
Suka sa shi na huɗu a jerin yara talatin.
Ni na san abin da bai shiga littafin ba:
rabin albashin da bai taka kara ya karya ba
uwarsa yake aika wa,
kuma ba ya iya barci sai fitila na kunne.

Corbin kuwa ba wanda ya sa shi a jeri.
A zagaye na ashirin aka tsinto shi, cikon benci,
gajere, mai tafiyar agwagwa.
Shi ke tsugunne yana cafke jifan Braulio
har tafinsa ya tashi kamar burodi,
ya dawo gida ya wanke min kwanoni ban sa shi ba.

Yuli, daren Talata, mutum ɗari takwas a fili.
A jifa na arba'in da ɗaya
Braulio ya dafe gwiwar hannu, ya dubi sama.
Bai yi ƙara ba.
Hularsa kawai na gani a ƙasa.

Aka yi tiyata, aka yi jinya wata goma sha huɗu.
Ya dawo, gudun ƙwallon bai biyo shi ba.
Manaja ya kira shi ofis, ya tura ƙofa.
Minti huɗu.
Na ƙirga, ina cikin mota ina jiransa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.
Bara na ga Corbin a talabijin,
mutum dubu arba'in na kiran sunansa,
mai sharhi na yabon hangen nesan shugabanni.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Su da sau biyu suka kusa sallamarsa!

Braulio na kira na duk Kirsimeti.
Yana koya wa yara jifa a bayan injin rake.
Ya ce akwai wani bahago, ɗan shekara sha huɗu,
"Mama Marlys, ki ajiye masa ɗakin."

Jiya ofis suka bugo: mutum biyu, ran Alhamis.
Na hau matakala, gwiwata na ƙara,
na buɗe taga, na kaɗe katifa,
na canja ƙwan fitilar gefen gado,
ko da akwai mai tsoron duhu a cikinsu.